Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Kwamfutar Baba ta fi shekara a lulluɓe da zanen atamfa a kusurwar ɗakinsa, ba wanda ya taɓa ta. Haka ake yi da kayan mamaci a gidanmu na Zongon Wagadugu: a rufe ɗaki, a ɗaure mabuɗi a bakin zanen Inna, a jira ranar rabo. Namu rabon ya yi jinkiri, domin sai da aka jira ƙanen Baba ya zo daga Kano, shi kuwa mutum ne da in ya ce yana nan tafe, to ka je ka yi shuka ka girbe tukuna. Da ya iso aka zauna da malamai aka kasa komai, kwamfutar ta faɗa cikin rabon yayana, wanda ke zaune da iyalinsa a unguwar Tampouy.

Yaya ya zo ya yaye zanen, ya jona waya, ya danna. Ta yi ɗan gurnani, ta haska, sannan ta tsaya a kan baƙin allo da farin rubutu layi biyu. Ya kashe ya sake kunnawa, ya ɗan mare ta a gefe kamar yadda yake yi wa tsohuwar rediyo. Ba ta ji ba.

"Ordinate ɗin nan ta mutu da mai ita," in ji shi. "Ran Juma'a bayan masallaci zan ɗauke ta. Akwai mai gyara wajen kasuwar Sankaryaaré, zai yi mata formate, ya wanke cikinta tas, yara su samu ta karatu."

Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Sai ranar Alhamis, ina tsince shinkafa a tsakar gida, ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗebi shinkafar tana tayawa ba tare da ta dube ni ba.

"Wankewar da yayanki ya faɗa, har da maganar babanku za a wanke?"

Na ce har da ita.

"Na fara manta muryarsa," ta ce. "Fuskar tana nan. Muryar ce in na nema sai ta ƙanensa ta zo mini."

Baba bai son hoto. In aka ɗaga masa waya a biki sai ya sa babbar rigarsa ya kare fuska. Amma fatauci ya fi ƙarfin kunyarsa. Shadda da atamfa yake sayarwa, kuma duk lokacin da sabon kaya ya sauka, yakan baza su a kan tabarma ya ɗauke su bidiyo da wayarsa, yana juya su yana yabonsu, ya aika wa abokan cinikinsa. In wayar ta cika sai ya kira ni in juye masa a kwamfuta, don ba ya yarda a goge ko ɗaya. Ita wayar ta ɓace a cikin hayaniyar asibiti. Saboda haka duk abin da ya rage na muryar ubanmu a duniya yana cikin akwatin nan da ya ƙi tashi, kuma washegari za a wanke shi.

Ni ba mai gyara ba ce. Aikina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a unguwar Larlé, kuma abin da na sani game da tsofaffin kwamfutoci na san shi ne kamar yadda ake sanin halin maƙwabci, da yawan zama tare. Duk da haka na ce wa maigidan aikina ba zan zo ranar Juma'a ba. Ya tambayi dalili, na ce masa maras lafiya gare ni a gida.

Lokacin zafi ne, lokacin mangwaro. Da hantsi na shiga ɗakin, Inna ta biyo ni da kujerarta 'yar tsuguno. Ɗakin yana nan da ƙamshinsa, turaren wuta da sitacin sabon yadi, ko da yake an kwashe yadin tuni. Haske yana shigowa ta ramukan taga ya kwanta a ƙasa tsiri-tsiri. Can waje wata mai mangwaro tana kiran ciniki da Mosanci, yaren mutanen garin, muryarta tana nisa tana dawowa. Na kunna fanka, na kunna kwamfuta, na zauna ina kallon layukan nan biyu har suka fara yi mini iyo a ido.

Da Turancin Ingilishi aka rubuta su, domin daga Kano Baba ya taho da ita, ni kuwa Faransanci aka dura mini a makaranta. Na kwafe su a wayata harafi-harafi na nemi ma'anarsu. Abin da take cewa ba shi da yawa: ta duba inda aka nuna mata ba ta sami abin tashi ba, a cire abin da ke jikinta a sake gwadawa.

Na leƙa gabanta, ba komai. Na durƙusa na leƙa bayanta, inda wayoyi suka cukurkuɗe da yanar gizo-gizo, sai ga shi a soke: ɗan ƙaramin abin nan da ake zuba waƙa ko karatu a ciki, wanda mu nan muke kira kile. Kore ne, an ɗaura masa zaren ɗinki a wutsiya don kada ya ɓata. Na san shi sarai. Karatun Alƙur'ani ne a ciki, shi Baba yake sakawa da safe yana shan shayi.

Nan take na gane abin da ya faru, har na yi dariya ni kaɗai. A cikin kowace irin wannan kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo, wanda ke riƙe mata tunani in an cire ta daga wuta. Zaman da ta yi a lulluɓe ya shanye shi. Ta manta ta inda ake farawa, sai ta kama abin da ta fara cin karo da shi, wato kilen, tana neman hanyar tashi a cikin karatu. Ciwon da ya sa Yaya zai wanke ubanmu ke nan, abin da yatsa biyu za su warkar.

"Inna, an gama," na ce. "Wannan kawai zan zare."

Na miƙa hannu. Ban san Inna tana da sauri haka ba. Kafin in taɓa shi ta riƙe mini wuyan hannu.

"Kada ki cire."

"Minti ɗaya ne, in ta tashi sai in mayar."

"An riga an yi rabo. Ta yayanki ce, ita da duk abin da ke jikinta. Ba a zare komai daga kayan magaji ba da saninsa ba."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran izini. Na ce mata Yayan da zai kai ta a wanke ta, shi ne zai yi kukan kile? Na ce to bari in kira shi a waya in nemi izinin, tunda abin ya zama shari'a. Ta ce kada in kira. Na ce to me take so in yi, in tofa mata addu'a? Ta saki hannuna, ta gyara mayafinta, ta dubi bangon da ke gabanta.

"Da hannunsa ya soka shi," ta ce a hankali. "Safiyar da muka tafi asibiti. Komai na ɗakin nan an ɗaga, an ƙirga, an ba wani. Wannan kaɗai ne yake inda ya bar shi."

Kunya ta kama ni, da tausayi, da haushin kaina. Na koma na zauna a ƙasa. Fanka tana juyawa tana kaɗa gefen zanen da aka yaye.

Akwai wata hanyar, na taɓa ganin ana bi a wurin aikinmu, ban dai taɓa bi da kaina ba. In kwamfuta tana farkawa, kafin ta kai ga neman abin tashi, akwai ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido da in ka danna wani maɓalli za ta buɗe maka wani shuɗin allo, inda ake gaya mata abin da za ta fara dubawa. Ban san wane maɓalli ba ne a wannan. Na kashe, na kunna, na yi ta dannan na farko, ta wuce ni. Na sake da wani, ta wuce ni. Gumi yana bin bayana. Abin da ya fi tsorata ni shi ne a ɗauke wuta, domin a watannin zafi ba a sallama kafin a ɗauke ta.

"Kuran dai ya riƙe mu," in ji Inna, tana nufin wutar lantarkin, kamar ta ji abin da nake tunani.

A wani gwajin, ban ma san me na danna ba, allon ya rikiɗe ya zama shuɗi.

Shuɗi ne mai zurfi, irin na rinin da ake kawowa daga Kano, ya haske ɗakin ya kwanta a fuskar Inna. A samansa akwai kwanan wata, kuma ba na ranar ba ne. Da tunaninta ya gushe, kwamfutar ta koma shekarar da aka ƙera ta, ta zauna a can abinta. Na lissafa a raina, na ga a shekarar ina makarantar sakandare. Sai na ji kamar in na waiwaya zan ga bishiyar dalbejiyar da aka sare tana nan a tsakar gida, da babur ɗin Baba a jingine a gindinta yana huce zafi, da takalmansa a bakin ƙofa ɗaya ya hau kan ɗaya. A ganin wannan akwatin ba a yi asibiti ba, ba a yi zaman makoki ba, gemun Baba bai fara fari ba. Na daɗe da yatsa a kan maɓalli ina sauraron ko zan ji tarinsa daga zaure.

"Me ta ce?" Inna ta tambaya.

Na gaya mata shekarar da take nunawa. Ta yi nata lissafin.

"Shekarar da ya yi mana rufin kwano," ta ce. "Dole ne a gyara mata?"

Na ce ba dole ba ne yau.

"To bar ta."

Na bar ta. Na bi jerin da kibiya, ina karantawa da ƙyar, har na sami inda aka jera wuraren da take dubawa. Kilen ne a sama, faifan cikinta a ƙasa. Na ɗaga faifan na kai shi sama, na sauko da kilen, yana nan a soke ba wanda ya taɓa shi. Na ce wa kwamfutar ta riƙe, ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Allon ya yi baƙi. Muka zuba masa ido.

Sai ta yi ɗan kukan nan nata na gaisuwa, wanda a da nake ji daga ɗakina kowace safiya, ta buɗe.

Na jona wayata na fara kwashe hotunan tun kafin in buɗe ko ɗaya, don ban yarda da wutar ba. Na dubi Inna ta gefen ido na ce, "Wannan fa, ba zarewa ba ne daga kayan magaji?"

"Murya ba ta cikin rabo," ta ce. "Buɗe mini ɗaya."

Na buɗe wanda hannuna ya faɗa a kai. Tabarma ce, da farar shadda a shimfiɗe, da hannun Baba na hagu, da zobensa na azurfa. Hannun ya shafa yadin, ya ɗaga gefensa ga haske. Sannan muryar ta fito, ta fi yadda nake tunawa kauri, da ɗan shaƙewar nan ta mai yawan cin goro.

"Alhaji, dubi wannan da kyau. Wannan ba ta wanki ɗaya ba ce. Ka ji ƙararta? Saurara." Ya murza yadin kusa da wayar. "In ka ga irinta a Wagadugu, ni na kawo."

Inna ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa teburin. Ba ta yi kuka ba. Bakinta yana motsi kaɗan, tana bin maganar a baya. Baba ya ajiye farar ya jawo wata mai ruwan ƙasa, ya fara yabonta ita ma, sai tari ya sarƙe shi. Hoton ya karkata, muka ga ƙafarsa da bakin ƙofa. Ya ɗaga murya ya yi kira cikin gida, yadda ya saba, ba ya faɗin sunanta.

"Kina kusa? A taimake ni da ruwa."

"Na'am," in ji Inna.

Ta riga ta miƙe ta kai bakin ƙofa kafin ta tsaya. Na ga bayanta, na ga hannunta a jikin ƙyauren. Ban kira ta ba, ban kuma tsayar da hoton ba. Baba ya ci gaba da cinikinsa. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta fita, na ji ƙarar murfin randa.

Ta dawo da kofin silba cike da ruwa, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta dubi teburin, ta dubi tabarmar da ke cikin allo, ta rasa inda za ta ajiye. Sai ta miƙo mini.

"Sha," ta ce. "Kin sha zafi."

Na karɓa na shanye, ita kuma ta koma kan kujerarta ta ce in mayar mata da shi daga farko.