Makewayin Inna

Shekarar da ƙafafun Inna suka kumbura na ɗauko ta daga Gwashi na kawo ta gidana a Anka. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa na taruwa a jikinta. Ya rubuta mata wata 'yar farar ƙwaya mai sa fitsari, ɗaya kullum da safe. Ya ja mini kunne cewa in ta bari, ruwan zai hau huhu.

Ni da shegen gaggawata, sai in miƙa mata ƙwayar da moɗar ruwa in koma bakin murhu. Ban taɓa tsayawa na ga ta haɗiye ba. Na manta makewayinmu ɗaya ne, kuma duk mai zuwa can sai ya ratsa rumfar da maigidana yake ɗinki tun hantsi har la'asar. Inna kuwa ko sunansa ba ta faɗi, ko ruwa ba ta sha a gabansa.

Bayan sati biyu kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango tana haki. Na danna ƙwaurinta, yatsana ya lotsa kamar a tuwo, ramin ya ƙi cikowa. Ina ɗaga tabarmarta sai ga ƙwayoyin a jere.

"Inna, kashe kanki za ki yi a hannuna?"

"Ke ɗiyag ga," ta ce, numfashi na yanke mata magana, "sau goma in wuce gaban surukina da buta? Mi za ya ɗauke ni?"

Wallahi haushi ya kama ni, amma tsoro ya danne shi, don ina jin ruwa na ƙara a ƙirjinta. Shi ɗin da take kunya shi ya ɗauke ta cak ya ɗora a babur, ni a baya ina tallafe da ita.

A asibiti aka yi mata allurar maganin a jijiya. Nas ta ce yanzu ruwan zai fita. Muka yi ta jira, fitsari bai zo ba. Inna ta dafe mara, ta cije leɓe, idonta na kan ƙofa inda yake tsaye. Ranar na fara yi wa mijina tsawa, na ce ya fita, ya bar asibitin ma baki ɗaya. Sannan Inna ta saki fitsarin.

Kafin a sallame mu maigidana ya haƙa makewayi a bayan ɗakinta, taku biyar daga ƙofa, ya kewaye da zana. Amma likita ya ce zuciyar ta ƙara rauni. Inna ba ta sake iya yin taku biyar da ƙafarta ba.