Saƙon Hajo da Bai Gogu Ba

Duk wanda ya ci kasuwar Malumfashi wajen 1984 ya san rumfar Malam Maitama mai rikoda. Gyaran rediyo ya koyo a Funtuwa, amma ba shi ya yi masa suna ba. Wanda bai iya rubutu ba yakan zo ya faɗi saƙonsa a kaset, a ba direba ya kai. Kafin Maitama ya danna, sai ya cusa auduga a kunne, ya juya baya, ya tsura wa gajimare ido. Cewa yake asirin mutane garwashi ne, ba a zuba shi a aljihu. Ni dai ban taɓa ganin mai nisan tunani kamarsa ba. Kana yi masa magana, hankalinsa yana can wajen shamuwa.

Wata rana Hajo, mai daddawa daga Ƙarfi, ta zauna ta yi wa yayanta dogon saƙo tana kuka. Likita ya ce ciwonta ba na tashi ba ne. Ta roƙi yayan kada ɗanta Lawal ya ji, don saura wata biyu ya yi jarrabawar gama makarantar horon malamai a Zariya. Da ta gama sai ta fasa aikawa.

"Malam, goge wannan. Lawal zan yi wa."

Maitama ya mai da zaren farko ya danna, a saninsa sabuwar murya tana cinye tsohuwa. Hajo ta ce lafiyarta lau, dawa ta yi kyau, ya dage da karatu. Minti uku ta gama. Tsohon saƙon kuwa ya kai ashirin, shi kuma Maitama bai taɓa sauraren kaset ɗin kowa ba.

A Zariya Lawal ya ji dariyar uwarsa, sai ɗan shiru, sai kukanta. Washegari ya tattaro kayansa ya dawo gida.

Hajo ta zo rumfar tana dogara sanda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, amana na ba ka."

Tun daga ranar kowane kaset sai Maitama ya goge shi kaf, ciki da baya, yana zaune yana kallon zaren yana juyawa. Har yau abin yana ba ni tausayi.

Hajo ta rasu da kaka. Jarrabawar da ta ɓoye ciwonta dominta, an yi ta Lawal yana Ƙarfi yana yi mata fifita.