Ƙasa Ba Ta Yi Ɗumi Ba

A duk faɗin Makka, mahaifina kaɗai na sani yana bin wasan besbol. Ban ce babu wani ba, amma shekarata arba'in da 'yan kai a garin nan ban taɓa gamuwa da shi ba. A Rusaifa, inda muke zaune, ƙwallon ƙafa aka sani. A kanta ake musu, a kanta ake gaba, har na san surukai biyu da suka yi wata guda ba sa gaisawa saboda bugun fenareti. Shi kuwa Baba ya je ya ɗauko wasan da wani zai jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki ya ruga da gudu, ya ce shi nan ransa yake.

Ba a banza ya ɗauko ba. A goye aka shigo da shi ƙasar nan ta hanyar Sudan, ya tashi a unguwar Nakkasa a nan Makka, da ya zama saurayi ya tafi gabashin ƙasar neman aiki. Ya samu a wata unguwar ma'aikatan kamfani inda Turawa ke zaune, aka ba shi kula da filin wasansu. Fiye da shekara ashirin yana wannan aikin: ya yayyafa wa jar ƙasa ruwa, ya bi ta da manjagara, ya tsince tsakuwa da hannu, ya ja farin layi. Bai taɓa riƙe kulkin ba. Daga bakin fili ya koyi wasan, kuma wani da suka saba ya ba shi hular wata ƙungiya ta yammacin Amurka, shi ke nan ta zama ƙungiyarsa.

Yadda ya bar aikin ma duk gidanmu mun sani. Wata rana ana wasa ƙwallo ta bugi ƙasa ta yi tsalle ta fasa bakin wani babban injiniya, haƙora biyu suka fita. Aka ce laifin mai gyaran fili ne, ya bar tsakuwa. Baba ya rantse babu tsakuwa, ruwa aka ɗauke da safen, ƙasar ta bushe ta yi tauri. Ba wanda ya saurare shi. Aka mayar da shi sharar wurin ajiye motoci, ya yi wata ɗaya ya tattara kayansa ya dawo Makka. Ina ɗan makarantar sakandare lokacin, kuma na tuna bai yi doguwar magana da kowa ba har bayan Hajjin shekarar. Na faɗi wannan tun yanzu ne don kada wani ya yi mini uzuri daga baya. Na sani sarai.

Da wayoyin zamani suka zo, ƙanwata ta sa masa manhajar kallon wasan. Sai dai kafin nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Yana ganin koren ciyawa da jar ƙasa, yana ganin mutane kamar inuwa, amma ƙwallon ba ya ganinta. Turancinsa kuma na bakin aiki ne, bai kai ya bi mai sharhi ba. Ni ne nake aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal kusa da Harami, ni ne mai Turanci a gidan, kuma ni ne nake zaune a saman benensa. To, aiki ya faɗo kaina.

Lokacin da suke wasan yamma a can, mu nan asuba ta yi. Muna dawowa daga masallaci zai ƙwanƙwasa mini ƙofar bene sau biyu da kan sandarsa, ya wuce ɗakinsa. In sauko in tarar ya jingina wayar a jikin butar shayi, ya zuba kofi biyu. Aikina in gaya masa wa ya doka, ina ƙwallon ta nufa, wa ya kama. Shi kuma aikinsa ya gyara mini, don ban san komai ba kuma ban damu in sani ba. Gaskiya wasan nan yana sa ni hamma. Mutum ya tsaya, ya gyara hula, ya tofar da yawu, ya sake gyara hula, sannan ya yi jifa ɗaya. Ina kallon agogo ina lissafin cunkoson hanya. Amma duk rayuwata ban taɓa zama da Baba na awa biyu yana magana ba sai a wannan ɗakin. Mutum ne mai nauyin baki, idan ka ji ya yi jimla uku a jere to faɗa ne. A gaban wayar nan kuwa har dariya yake yi.

Shekarar da nake magana, ƙungiyar tasa ta fara kakar wasa da ƙafar hagu. Kashi suke sha kamar an aiko su. Bayan kowane wasa sai ya ce in karanta masa abin da magoya baya ke rubutawa, ni kuma a nan ne barci ke sakina, don mutanen nan sun iya zagi. Wani ya ce a kori koci yau kafin ya kai gida. Wani ya ce kakarsa ta fi mai jifan nan ƙarfin hannu. Wani ya ce ya ƙona rigarsa ta ƙungiyar, daga yau kamun kifi zai koma. Wasa sama da ɗari da sittin ake yi a shekara, ba a yi ko ashirin ba, amma sun riga sun yi wa ƙungiyar wanka da likkafani.

Baba yana amsa musu kamar suna zaune a kan tabarmarsa.

"Wannan ka ce masa ya sha ruwa. Mai kamun kifin kuma zai dawo, na san irinsu."

Nasa bayanin ɗaya ne kullum. Ya ce a farkon shekara ƙasa ba ta gama fita daga sanyi ba, samanta ya yi laushi ƙarƙashinta da tauri, ƙwallo ba ta tafiya yadda hannu ya saba. A bari rana ta dake ta na wata guda, sannan a san waye gwani. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne idan yana wannan bayanin, tafin hannunsa yana shafa darduma kamar yana lallashinta.

Ran nan aka sake cinye su, kuma da irin abin da ya fi tsana: ƙwallo ta bugi ƙasa ta tsallake ɗan wasan da ke tsaron wurin. Magoya baya suka yi ca. Baba ya gyara zama ya ce, "Rubuta musu. Ka ce wani dattijo daga Makka yana gaishe su. Ka ce su yi haƙuri da yaran nan, ƙasa ce ba ta yi ɗumi ba." Na ce Baba, ba a irin wannan a nan. Ya ce in rubuta. Na rubuta, na aika.

Washegari amsoshi sun taru. Yawanci hoton fuska mai dariya ne. Ɗaya ya rubuta cewa lallai wannan shi ne mai sharar filin da kansa ya zo kare tuwonsa, a haɗa da shi a kora. Baba ya tambaye ni, "Sun amsa?" Na ce sun amsa, sun ce sun gode, maganar dattijo gaskiya ce. Ya ce, "Ka gani? Ko a cikinsu akwai masu hankali." Ranar har ya ƙara mini shayi da hannunsa.

Kwana biyu bayan haka Juma'a ce, ba ni da aiki. Al'adarsa ce duk safiyar Juma'a ya je shagon ful da tamis na bakin layinmu, wato dafaffen wake da faffaɗan burodin tanderu, inda tsofaffin maƙwabtansa na Nakkasa ke haɗuwa tun da rusau ya watsa su unguwa-unguwa. Na raka shi. Akwai wani amininsa a wurin, mai sayar da carbi, muna ce masa Kawu. Bakinsa ba ya hutawa, kuma shi ya raɗa wa 'yan wasan Baba suna masu sussuka.

"Alhaji, yaya masu sussukar naka? An ce har yanzu ba su fitar da ko mudu ɗaya ba."

Baba ya ce, "Da saura. Shekara doguwa ce." Sai ya ƙara da abin da ban zata ba. "Na ma aika musu da nasiha, can Amurkan. Sun karɓa, sun yi godiya. Ga shi nan, shi ya rubuta."

Duk suka juyo kaina. Kawu ya ce, "Yalla ya ustaz, tafintan Amurka, karanto mana godiyar mu ji." Akwai sa'o'ina biyu a teburin gefe, waɗanda muka yi makaranta tare, suna ta murmushi. Da ma sun daɗe suna tsokanata cewa na bar ƙwallon maza na koma kallon sussuka da tsoho.

Da na ce wayar ba caji, da magana ta mutu. Da na maimaita ƙaryar da na yi a gida, da ba wanda zai bincika. Amma ni mutum ne mai son a yi dariya a ce ni na kawo ta, tun ina yaro haka nake, kuma na gaji da zama abin tsokana. Na so su san cewa ni ma na san abin dariya ne. Na ciro wayar. Na fara da mai kaka, aka yi dariya. Na kawo mai kamun kifi, Kawu har da buga tebur. Baba ma yana murmushi, yana jiran a zo kan godiyarsa. Daɗin dariyar ya ɗebe ni, na ce ai ga ma amsar da aka ba Baba. Na fassara ta tsaf, har da gyara murya: wannan shi ne mai sharar filin, a haɗa da shi a kora.

Abokan nawa biyu suka fashe da dariya, don ba su san komai ba. Tsofaffin kuwa ba wanda ya motsa. Kawu, wanda shi ya je tasha ya taro Baba ranar da ya dawo daga gabas, ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haka suka ce?" Na ce wasa ne Baba, mutanen banza ne. Ya ce, "A'a, tambayarka nake. Haka suka ce tun ranar?" Na ce e. Ya gutsuri burodi ya riƙe, bai ci ba. Can ya ce wa Kawu ƙafarsa na damunsa, ya miƙe. Na tashi zan kama hannunsa, ya ce in zauna in gama karyawa.

Bayan sallar Juma'a na same shi a ɗaki na durƙusa. Na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda, don Baba ba ya faɗin abin da ba haka ba ne a ransa. Na tashi ina ganin an wuce wurin.

Da asuba na ji ƙarar sandarsa a ƙasa, ta zo daidai ƙofar benen ta wuce. Na jira, na sauko da kaina. Yana zaune da carbi, wayar tana kife a kan taga. Na ce, "Baba, sun fara fa. In kunna?" Ya ɗago ya ce da Larabci, "Mashkur, ma gassart." Wato na gode, ka yi ƙoƙari. Da wannan ake sallamar direban tasi ko ma'aikacin ofis. Mu 'ya'yansa mun fi sakewa da Larabci, amma shi tun da aka haife ni da Hausa yake yi mini magana, ko faɗa ne ko shi albarka. Na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙon da ya ɓata ɗaki, sannan na haura na shirya na tafi aiki da wuri.

Na sake gwadawa sau da yawa a shekarar. Wani lokaci ya ce yana wuridi, wani lokaci ya ce in je kada in makara. Hausarsa ta dawo, hirar gida ta dawo, yana tambayata aiki, yana wasa da 'ya'yana. Hirar wasan ce kaɗai ba ta dawo ba. Ƙanwata ta ce ya sa ta cire manhajar, wai tana cika masa waya.

Abin haushin shi ne ni ban daina ba. Da farko ina dubawa ne don in sami abin da zan kai masa, daga baya na tarar ina kallo don kaina, a cikin mota, kafin in shiga otal. Yanzu na san wasan. Na san dalilin da mai jifa ke ɓata lokaci, na san abin da mai tsaro ke karantawa kafin a doka. Tambayoyi sun taru mini fal, kuma mutum ɗaya ne a garin nan zai iya amsa su, yana kwana a ƙasan ɗakina.

Bana da aka buɗe kakar wasa na tare shi a hanyar dawowa daga masallaci. Ya tsufa sosai, hannuna yake riƙewa yanzu. Na ce, "Baba, yau aka fara. Akwai abin da ban gane ba, ina so ka nuna mini." Muka yi taku kusan goma, har na fara sa rai. Sai ya matse hannuna kaɗan, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka kai 'yar taka asibiti kuwa? Jiya na ji tana tari."

Na ce zan kai ta. Na raka shi har bakin ɗakinsa, ya shiga ya turo ƙofa.