Kawu Iddi da Baƙin Ɗigo

Kun dai san Kawu Iddi mai turare na unguwar Alabar. Kullum da safe, kafin ya taɓa kokonsa, sai ya buɗe waya ya ce, "Salamu alaikum, baƙina!" Ba mutane yake gaisarwa ba fa, alƙaluma ne.

Ni na jawo. Tallar intanet ce sana'ata, sai na buɗe masa shafin sayar da turare, na sa talla a dandalin sada zumunta, na dasa ɗan ɗigon nan da ake kira fiksel. Na ce, "Kawu, wannan zai nuna maka ko waɗanda suka ga talla sun shigo, da abin da suka duba."

"Ido gare shi?"

"Kusan haka."

Ya miƙe ya ɗauko hularsa. "To ba zai gan ni kai a buɗe ba."

Ran nan na tarar ya haɗe rai. Wai wani ya zuba kwalabe a kwandon saye na shafin, ya fice bai biya ba.

"Ei! Ya ɗaga kaya, ya ajiye, ko sai an jima babu? Wa ya yi masa tarbiyya?"

Na ce ai ɗigon zai iya bin sa da talla duk inda ya leƙa har ya dawo.

"A'a, Rabi. Ni yaron motar trotro ne da zan ja wa mutum riga?" Har ya koma ga Allah bai yarda ba.

In kuwa aka wuni ba wanda ya shigo, cewa yake ɗigon ne ya suma. Wallahi na gan shi yana kara wa wayar almiski!

Muna ta dariya, mun manta shi kaɗai yake kwana a gidan tun rasuwar matarsa, Inna Hajara. Ɗansu Awudu ya tafi Italiya da daɗewa, ya daina kira. Sai wata rana rahoto ya nuna wani ya shigo daga Italiya.

"Awudu ne."

"Kawu, ɗigon ba ya faɗin suna."

"Ke kin san talla, ni na san ɗana. Ba ki ga turaren uwarsa ya duba ba?"

Ya sa na juya tallar gaba ɗaya zuwa can. Na ce ba mai saye a Italiya. Ya ce, "Wa ya ce miki mai saye nake nema?" Ya sa na cire hoton kwalba, na sa nasa, yana murmushi da sauran haƙoransa.

Baƙon ya sake leƙowa jefi-jefi. Ko Awudu ne, ban sani ba. Da Kawu ya rasu, Awudu bai zo jana'iza ba. Bayan sadakar bakwai na zauna a shagon ni kaɗai, na daɗe kafin na iya kashe tallar.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya haskaka kabarinka, ya ba ka maƙwabta masu amsa sallama.