Taƙi Ɗaya Tsakanin Motar Malam Mika'ilu da Titi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, bayan sallar azahar, Allah Ya yi wa Malam Mika'ilu na Limancin Kona rasuwa a gidansa da ke cikin birnin Zariya, bayan doguwar jinya. Ina kwance ƙarƙashin wata mota a garejina na Ƙofar Doka, babban ɗansa Abdullahi ya zo ya tsaya a kaina bai yi sallama ba. Takalmansa kawai na hango, na ajiye sifana na fito.

Malam, masu ilimi za su faɗi karatunka, malaman makarantu za su faɗi shekarun da ka yi kana zagaya ƙauyuka kana duba aikinsu. Ni Bahago ne, bakanikenka na shekara tara. Abin da na sani game da kai ta wajen mota na san shi, kuma akwai wani nauyi a ƙirjina da ba zan iya sauke shi ba sai a nan.

A 1969 ka sayi motar nan daga hannun wani Bature da zai koma gida. Ƙirar Ingila ce, koriya, sitiyarinta a dama. Da aka canja hannun tuƙi a ƙasar nan mutane suka yi ta ba ka shawara ka rabu da ita. Da sababbin motoci suka cika gari, abokanka suka riƙa yi maka ba'a, suna kiranta Gwaggo. Kai ma sai ka karɓi sunan. Ka ce gwaggo ai ba a sayar da ita don ta tsufa.

Duk wanda bai zauna kusa da kai kana tuƙi ba bai san ka ba. A gida kai mutum ne mai kamewa, dariyarka ma sai an yi sa'a. Amma da zarar an fita Ƙofar Doka titi ya miƙe, sai ka tura hula ƙeya. Kana riƙe sitiyari da 'yan yatsu, ba ka fizga, ba ka danne birki a kwana. Kafin kwanar sai ka rage gudu, a tsakiyarta ka ɗan ba ta wuta, motar ta kwanta ta miƙe kamar ta san hanyar tun da can. Ranar da na gyara mata ƙafafun gaba muka fita gwaji kan hanyar Soba, ka waiwayo ka ce, "Bahago, ka ji? Ba ta gardama. Kafin in ce mata nan, ta riga ta juya." Ban taɓa ganin fuskarka a sake kamar ranar ba.

Kuma ba ka taɓa jin daɗin nan kai kaɗai ba. Motarka ba ta dawowa birni da kujera babu kowa. Tsohuwa mai tallen daddawa, manomi da ya sare ƙafarsa da fartanya, mace mai naƙuda da ka kwasa daga bakin hanya ka kai asibiti, duk sun shiga. Sau nawa na wanke kashin akuya a kujerar baya ina mita? Sai ka ce akuyar ma fasinja ce, ta dai rasa ladabi.

A farkon bara ciwon ƙirji ya kama ka. Taku goma in ka yi sai haki, sai ka nemi bango. Gidanku kuwa yana can ƙarshen lungu, tsakaninsa da titi akwai tafiya. Motar da ke rumfa a jikin zaurenka ita ta zama ƙafarka. In ka zauna a cikinta kai cikakken mutum ne, ka je masallacin Juma'a, ka je gaisuwa, ka fita bayan ganuwa ka sha iska ka dawo.

Sai filtar baƙin mai ta tsage, man injin ya fara zuba. Na kwance ta, na duba akwatina, filtocin ajiya da Baturen ya bar maka duk sun ƙare. Na zaga Sabon Gari shago-shago da tsohuwar a hannu, babu irinta. Abokan sana'ata suka ce in ɗauko ta wata motar, in yanko robar tayar ciki in cike bakin, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Kowa haka yake yi, kuma motoci suna tafiya. Ni kuwa na ƙi. Maigidana da ya koya mini aiki ya hore ni a kan cewa filtar aro takan saki a kan hanya, mai ya tsiyaye, inji ya ƙone. Na ce maka ka ba ni mako biyu. Ka ce, "Kai ne likitanta, yadda ka ce haka za a yi."

Mako biyun nan ya zama wata tara. Na je Kaduna sau uku, na je Kano. Na ba direbobin manyan motoci samfur suka tafi da shi Ikko da Anaca. Sau biyu ana kawo mini wadda in ka gan ta sai ka rantse ita ce, a murɗa ta ƙi zama. Duk Juma'a in na zo gaishe ka kana zaune a zaure kana kallon lungu, ba ka taɓa tambayata ba sai na kawo maganar da kaina. Wannan haƙurin naka ya fi faɗa ciwo. Da ka zage ni sau ɗaya, wataƙila da na sauko daga taurin kaina.

Ana cikin haka, ruwan Agusta ya rushe ɗakin maƙwabcinka Audu, ɗan ƙauyen nan mai aikin leburanci, wanda gidansa ke tsakiyar lungun. Ɗaki ɗaya gare shi, da mata da 'ya'ya huɗu. Magina suka ce ruwa ya cinye tsohon tushen ɗakin, sai an matso da ginin waje cikin lungu. Filin lungun na mahaifinka ne, kowa a unguwa ya sani. Audu ya zo ya durƙusa, ka ce ya ɗiba. Kafin kaka ɗaki ya tashi, an ɗora azara, an yi yaɓe.

A watan Disamba wani direba ya kawo mini ita daga Ikko, a cikin kwalinta. Na murɗa ta zauna daram. Na zuba sabon mai, na caja batir, bugu biyu injin ya tashi. Hajiya Rahmatu, matarka, ta yi guɗa daga cikin gida. Ka sa babbar riga, muka kama ka ka shiga. Ka fito da ita daga rumfa a hankali, ka miƙe lungu, sai muka iso kusurwar sabon ɗakin. Na sauka na gwada da igiya sau uku, ina fatan na yi kuskure. Motar ta fi hanyar faɗi da taƙi ɗaya.

Ina zuwa da ƙafa duk mako ta gefen ginin nan, ban taɓa auna shi ba, hankalina yana kan filta. Kai kuwa da na dube ka sai na ga ba ka yi mamaki ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Audu ya fito, ya ɗauko diga da kansa, ya ce yanzu zai fasa kusurwar. Ka leƙo ta taga ka ce, "Malam Audu, ajiye. A kan bangon nan azararka ta kwanta. Ka fasa, ina yaran za su kwana? Gwaggo ba ta jin sanyi a rumfa." Ka sa giyar baya ka mayar da ita, madubi bai ko gogi bango ba.

Tun daga ranar ba ka sake fita da kanka ba. Motar wani ba ta shigowa, kuma ɗaukarka a kujera zuwa bakin titi kunya take ba ka, sai in asibiti ya zama dole. Abin da ya rage mana shi ne Juma'a da yamma. In zo in tayar da inji, ka shiga, ka tuƙa daga rumfa zuwa kusurwar Audu, ka dawo da baya. Taku talatin ne. Wani lokaci sau biyar, wani lokaci sau biyu ka gaji. Kana murza sitiyari kaɗan-kaɗan a lungun da babu kwana, kana tambayata ko an gyara ramin nan na wajen Ƙofar Kibo. Ina amsa maka ina kallon waje don kada ka ga idona.

Juma'ar ƙarshe ba ka iya sa giya ba, muka zauna kawai injin na aiki. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Da na sa maka ta aro tun farko, da ka yi wata tara kana yawonka." Ka shafa sitiyari. Sannan ka ce, "Da ka sa, da ranar da Audu ya zo motar tana da rai. Wallahi ban san abin da zan ce masa ba, Bahago. Ina son motar nan fiye da yadda ya kamata. Allah Ya kwantar da ita ne don in iya cewa ya ɗiba."

Har yau ban sani ba ko gaskiyar zuciyarka ka faɗa, ko kuwa lallashina kake yi kamar yadda ka saba lallashin kowa. Na karɓa dai, don ba ni da wani abin riƙewa.

Ranar jana'iza makararka ta wuce ta kusurwar nan a kafaɗun mutane, Audu yana gaba yana kuka bai bari an karɓe shi ba har maƙabarta. Motar tana nan a rumfa da sabon mai a cikinta. Abdullahi ya ce bayan sadakar arba'in in zo in kwance ta gunduwa-gunduwa a fitar, tunda babu wata hanya, kuma ba su yarda wani ya taɓa ta ba sai ni. Na ce to. Ban san da wane hannu zan fara ba.

Ya Allah, bawanKa Mika'ilu ya ƙuntata wa kansa don maƙwabcinsa ya sami wurin kwana. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rahmatu, da Abdullahi da ƙannensa, da jama'ar Limancin Kona baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.