Ɓarin Shokola Bayan La'asar

Maigidana direban taksi ne a Libreville, mutumin Maradi, kuma tun ina amarya na san shi da son zaƙi. Ranar da likita ya ce yana da ciwon sukari, abin da ya fara tambaya shi ne, "To, shokola fa?"

Likitan ya yi dariya. Ya ce in baƙar ce mai ɗaci, ya ci ɓari ɗaya bayan abinci, kada ya ci da yunwa, sannan ya ɗan taka da ƙafa.

Ni na riƙe ta, cikin gwangwanin madara, saboda tururuwan ɗakinmu na unguwar Akebe. In ya dawo bayan la'asar ya ci tuwo, sai na ɓalle masa rabonsa. Ba ya taunawa, sai dai ya bar ta ta narke.

"Hajiya, wannan ɓarin naki kullum ƙanƙancewa yake yi."

"Idonka ne ke girma, Malam."

Daga nan mu gangara unguwar Glass, mu bi bakin ruwa a hankali, yana ba ni labarin fasinjojin ranar. Sau ɗaya ya saci ɓari uku a ɓoye. Ƙishirwa da yawan fitsari suka tona shi, na yini ban kula shi ba. Yanzu ina jin haushin wannan yinin.

Da aka karya darajar sefa, duk kayan waje suka tashi, har 'yan takardun gwajin jininsa. Muka koma gwaji ranar Juma'a kawai, shokola ma ta koma ta Juma'a. Bai yi ƙorafi ba, amma sauran ranaku nakan ga yana kallon gwangwanin.

Ba a jima ba aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Tawa tana da sauran lokaci, tasa ta ƙare. Ya daina fita da mota, don jandarmomi na tare hanya. Zaman ɗaki ya sa sukarinsa ya hau, ƙafafunsa suka fara mutuwa. Shi da kansa ya ce gara ya bi jirgin ruwan da ke kwashe baƙi ya kama hanyar gida, ni na tsaya na sayar da atamfofin da nake talla.

A bakin jirgi na cusa masa maganinsa da shokola guda, ba a ɓalle ba.

"Wa zai riƙa hana ni?" in ji shi.

Na ɗaure masa bakin jakarsa, ya hau jirgi.

Wata biyar kafin na iske shi a Maradi, ya rame, idonsa ɗaya ya dushe. Damina uku muka ƙara tare, sannan Allah ya karɓi abinsa. Har ƙarshe yana cewa da zarar an sassauta za mu koma, ya ma zaɓi unguwa, PK8, wai can fasinja ba sa yankewa.