Ɗorawa Uku a Taswirar Lawwali

Duk wanda ya gina gida ko shago a Tudun Wada ta Gusau cikin 'yan shekarun nan, da wuya bai san Lawwali ba. Injiniya ake ce masa, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba, alhali aikinsa zanen taswirar gini ne kawai. Amma fa a ba shi haƙƙinsa, hannunsa na da kyau. Ka kawo masa fili karkatacce kamar ƙahon rago, sai ya fitar maka da ɗaki uku da zaure har da wurin ɗaure akuya. Abu na biyu da aka san shi da shi turare ne. Kwalba a aljihu, kwalba a mota, wata a ofis. Abokan aiki na tsokanarsa wai tun yana bakin titi ake sanin ya iso, shi kuwa sai ya yi murmushi, don ba wanda ya san inda wannan ɗabi'a ta samo asali.

Asalinta Kekun Waje, can ƙasar Bungudu. A nan aka haife shi, ɗan fari ga Inna Hajjo mai daddawa. Tun yana rarrafe tukunyar kalwa ke tafasa a tsakar gidansu, kuma da ita aka saya masa littafi da takalmi bayan rasuwar mahaifinsa. Ranar da ya shiga makarantar kwana a Gusau, ya buɗe akwatinsa, warin daddawar da Inna ta ƙunsa masa ya cika ɗaki. Kafin la'asar an raɗa masa suna Ɗan Kalwa. Shekara shida sunan nan na bin sa har filin ƙwallo. Yaro ne, abin ya shige shi, ya kuma girma da shi. Ko da ya yi aure, in Inna ta aiko da daddawa ta hannun direban Bungudu, matarsa Asiya ce ke zuwa tasha ta karɓa, ta kulle a gwangwani can ƙuryar madafa. Miyar kam yana sha har da neman ƙari, ka ji munafuncin ciki.

Ita Inna Hajjo, irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Shekara arba'in da ɗaya bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan", in ya zo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Kowa a gidan ya san wannan kau da kan ba ƙi ba ne, so ne da ya yi yawa har ba a iya kallonsa ido da ido.

To, ana nan sai Allah ya kawo Alhaji Mamman, mutumin Tsafe, mai motocin haya da ke bin hanyar Funtua. Ya ce abin da ke damunsa shi ne yaran Gusau ba su da wurin zuwa ranar Sallah sai yawon titi, ga hanyoyi ba kullum suke da daɗin bi ba balle a kai su wani gari. Ya sayi fili babba a gefen hanyar Bungudu, yana son a yi wurin wasan yara, a jikinsa kuma a fitar da unguwar shaƙatawa guda: layin masu tsire da balangu, ɗakin taron biki, gidan kallon ƙwallo, masallaci, da rumfunan mata daban inda uwa za ta zauna tana hango ɗanta. Ya ce Lawwali yake so ya zana.

Kai, Lawwali ya yi murna. Shekara goma sha biyar yana zana shago da ban-ɗaki, yau ga aikin da za a riƙa nunawa ana cewa shi ya yi. Ya zauna ya tsara inda jirgin ƙasan yara zai zagaya, inda za a haƙa ɗan tafki, ƙofar shiga daban ta fita daban don kada a yi turmutsitsi ranar Sallah. Uwa uba kuma babban lilon nan mai juyawa sama, wanda Alhaji ya ce yana son a hango shi tun daga titi.

Ranar da suka je ganin fili, motar na tsayawa ya gane wurin. Gonar kakansa na wajen uwa ce. Ashe Kawu Bawa, ƙanen Inna, shi ya sayar. Ga tudun nan a tsakiya, ga ɗorawa uku a kansa, manya, sun haɗa kai sun yi inuwa. Ya san su kamar yadda ya san yatsunsa. A ƙarƙashinsu ya yi ta tsintar 'ya'yan ɗorawa yana lasar garin har bakinsa ya yi rawaya. Ya kuma san abin da kowane ɗan ƙauye ya sani, cewa a wajensu cinikin gona daban, na itace daban. Da aka raba gado, Kawu Bawa ya ɗauki ƙasa, ɗorawar uku aka ce na Hajjo ne, a gaban dattawa. Ko gonar ta canja hannu sau goma, ranar da ɗorawa ta nuna mai ita ce ke zuwa da gorarta.

Alhaji Mamman ya zo da abokansa biyu, masu manyan riguna. Ɗaya ya nuna tudun ya ce ai nan ne wurin lilo, sai dai a kawar da itatuwan, kada a buɗe wuri tsofaffin ƙauye su riƙa shigowa da buhuna suna sa wa baƙi warin daddawa. Aka yi dariya. Lawwali ma ya yi, Allah ya gani, har da riƙe ciki. Sai Alhaji ya juyo gare shi.

"Injiniya, kai ne ɗan yankin nan. Itatuwan nan suna da mai su?"

Kalma huɗu ce kacal ta rage masa: na mahaifiyata ne, Alhaji. Ya dubi manyan rigunan nan, ya ji kamar an sake buɗe akwatinsa a ɗakin makaranta.

"Ba su da kowa, ranka ya daɗe. Suna cikin fili."

Ya koma ofis ya ɗora lilon a kan tudu, ya yi wa da'ira uku na ɗorawar jan gicciye. Ya ce wa ransa ai taswira ce kawai, kafin a fara aiki zai san dabarar da zai gusar da lilon gabas kaɗan ba tare da kowa ya tambayi dalili ba. Da ya gaya wa Asiya, ta ajiye ludayi ta dube shi, ta ce ya tashi gobe-goben nan ya tafi Kekun Waje, ko kuma ya je ya faɗa wa Alhaji gaskiya, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya ce zai je Juma'a. Juma'a ta zo ya ce ta sama. Sau biyu yana kama hanya, ya kai Bungudu ya sha mai ya juyo. Mutumin da ke iya tsayawa gaban attajiri ya ce masa gininsa ba zai yiwu ba, shi ne ya kasa shiga zauren uwarsa. Kunyar Alhaji ta hana shi gyara zane, kunyar Inna ta hana shi zuwa gida, yana tsakiya yana fesa turare.

Shi kuwa Alhaji mutumin tasha ne, bai san jira ba. Bazara na tsayawa ya turo masu injin yankan itace ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Da hantsi ya kira Lawwali a waya ya ce ya zo ya ga an fara. Kafin ya isa, babbar cikinsu, wadda ke gabas, tana kwance. Rassanta sun baje har bakin hanya, 'ya'yanta sun nuna sun yi jawur, sun zube ko'ina. Ya tsaya bayan motar Alhaji ya jawo hular kwano ya rufe goshi.

Bai gama tsayawa ba sai ga babura biyu sun sauke mata biyu. Inna Hajjo ce da maƙwabciyarta Delu, da doguwar gora mai ƙugiya da buhuna a naɗe. Ranar ɗibar ɗorawa suka zo, kamar kowace shekara, ba su san komai ba. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallon kututturen. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tako har gaban mai inji ta ce ya kashe, ya kuwa kashe. Ta tambayi wane ne mai wurin, aka nuna mata Alhaji. Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, sannan ta ce Bawa ƙasa ya sayar, bai sayar da icce ba, don ba nasa ba ne, kuma shaidu biyu cikin waɗanda aka yi rabon a gabansu suna nan da rai.

Alhaji Mamman ɗan ƙauye ne kafin ya zama mai motoci, ya san wannan magana ba ta da ja. Ya cire hula ya share gumi, ya rantse mata ya tambaya kafin a taɓa, kuma wanda ya tambaya ɗan yankin ne, shi ya ce ba su da kowa. Ya waiga yana kiran Injiniya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lawwali ya fito daga bayan mota yana jan ƙafa, taswira a naɗe a hammata.

Delu ta dafe ƙirji ta buɗe baki, Inna ta taɓa hannunta ta hana ta. Ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta dubi ɗorawa biyun da suka rage da jan fentin alamar sara a jikinsu.

"Alhaji, wanga na ya zana?"

"Shi ne, Inna."

"To a sare sauran. Na bar muku. Mai ilimi ba ya zana banza."

Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya gane sarai abin da take yi: ta ga ɗanta zai tozarta a gaban mai gidansa, ta ɗauki abin da ubanta ya bar mata ta rufa masa asiri da shi, ba ta ko nuna ta san shi ba. Mai inji ya kai hannu zai ja igiya. Lawwali ya ji muryarsa ta fito, siririya kamar ba tasa ba.

"Kada ka tayar. Alhaji, mahaifiyata ce. Itatuwan nata ne, na sani tun ranar da ka tambaye ni. Da daddawarsu aka yi mini karatu. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Alhaji ya dube shi tun daga hula har takalmi, kallon da ya fi mari ciwo. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce shi uwarsa ƙuli-ƙuli ta yi ta soyawa a bakin titin Tsafe har ya sayi motarsa ta farko, kuma hotonta na nan manne a gilashin kowace motarsa. Ya sallami masu inji, ya durƙusa ya ba Inna haƙuri, ya ce a gusar da lilon duk inda za a gusar, biyun nan ba mai taɓa su.

Inna ta koma inda ta ajiye kayanta. Ta warware buhu, ita da Delu suka duƙa suna tsintar 'ya'yan wadda aka kayar, don ko ta faɗi, abin da ta haifa bana ba a barin sa a ƙasa. Lawwali ya ajiye taswira a kan kututture, ya tattare farar shaddarsa ya durƙusa kusa da ita ya fara tsinta. Hannunsa bai manta ba. Ya cika tafi biyu ya kai bakin buhu, sai ta janye buhun kaɗan. Ta ɗago ta dube shi, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana goye.

"Lawwali, tashi. Garin zai ɓata maka riga."

Delu ta saki gorar da ke hannunta. Ta ce daga baya, shekara arba'in suna katanga ɗaya da Hajjo, ranar ce ta fara jin sunan nan a bakinta. Shi kuwa ya san abin da aka yi masa. Uwa ba ta jin kunyar baƙo. Ta kira shi kamar yadda take kiran mai gyaran rediyo da yaron da ke kawo mata itacen girki, kuma ta nuna masa ashe duk shekarun nan ta san dalilin turaren.

Ya sake zanen cikin mako guda. Lilon ya koma gefen tafki, ba a hango shi sosai daga titi, Alhaji ya yarda da hakan. Ɗorawa biyun ya zagaye su da kujerun siminti, ya fitar da wata 'yar ƙofa ta baya wadda ya rubuta a takarda cewa ta mai itatuwan ce, ta shiga duk ranar da ta so. Kututturen ya hana a tumɓuke. Masu zuwa duba aiki kan yaba masa, su ce dabarar inuwar nan ta yi, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya kawo wani zancen.

Yanzu duk Juma'a yana Kekun Waje, kuma shi da kansa ke zuwa tasha karɓar daddawa, ya ajiye ta a kujerar gaba. Inna na karɓarsa da fara'a, ta shimfiɗa masa tabarma, ta dube shi ta ce, Lawwali an iso, Lawwali ya hanya, Lawwali a gaida Asiya. Duk sanda ta faɗa sai ya ji kamar an tsunkule shi. Yakan shiga zauren ne a hankali ya yi sallama, ya ɗan tsaya, ko Allah zai sa yau ta kau da kai ta amsa wa bango.